Yadda Folimares ɗin Bairos ke Kwafar RNA daga RNA, da Yadda Ake Gwada Shi a Ɗakin Bincike

Kyanda, shan-inna, zazzaɓin Lassa, cutar cizon mahaukacin kare, murar tsuntsaye, korona, da annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, duk abu guda ya haɗa su: ƙwayoyin bairos ɗin da ke haddasa su ba su ajiye bayanan halittarsu a DNA ba, a RNA suka ajiye. Ƙwayar halittar jikin mutum ko ta dabba kuwa ta iya kwafar DNA daga DNA, ta iya rubuta RNA daga DNA, amma ba ta da inzayim, wato furotin mai gudanar da aiki a ƙwayar halitta, wanda aikinsa shi ne ya ɗauki dogon zaren RNA ya fitar da wani RNA daga jikinsa. Dole bairos ya zo da ma'aikacinsa. Wannan ma'aikacin shi ne folimares mai dogaro da RNA, wanda littattafai ke taƙaitawa da RdRp. Ƙwayar HIV ba ta cikin wannan lissafi duk da RNA gare ta, domin ita sai ta bi ta DNA tukuna.

Abin da muke so ɗalibin kimiyyar sinadaran rayuwa, ko na nazarin ƙananan halittu, ko na likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantun Sakkwato ya gane shi ne, ba sai an taɓa bairos mai rai ba kafin a ga wannan aiki da ido. Zaren RNA mai haruffa goma, inzayim tsarkakakke, gishirin maganiziyam da jel mai rarrabe zaruruwa bisa tsawonsu sun isa. Sai dai kafin a ɗauki fifet, wato abin auna ɗigon ruwa, ya kamata a san abin da ake tsammanin gani.

Abin da ke faruwa a cikin inzayim ɗin

RNA zare ne mai haruffa huɗu: A, U, G da C. Folimares ba ya kwafa irin ta mai juya littafi, wanda ke kallon ba'un ya rubuta ba'un. Kwafarsa irin ta hatimi ce: inda ya ga A a jikin uwar zaren, wato wanda ake kwafa, sai ya ɗora U, inda ya ga G ya ɗora C, haka kuma akasinsu. Saboda haka kwafin farko kishiyar asali ne, sai an sake kwafar kishiyar sannan a dawo kan ainihin rubutun. Zare na da baki biyu da ake kira 3' da 5': folimares yana karanta uwa daga bakin 3' zuwa bakin 5', sabon zaren kuma yana tsawo daga 5' zuwa 3'. Wanda ya rikita wannan alkibla zai rikita duk lissafin gwajin da ke tafe.

Siffar furotin ɗin kamar hannun dama ce da aka ɗan dunƙule: akwai tafi, akwai yatsu, akwai babban yatsa. A folimares ɗin bairos ƙarshen yatsun na taɓa babban yatsan, sai ya zama zobe mai ƙofofi: uwar zare ta shiga ta ɗaya, haruffan da ba a ɗinka ba su shiga ta wata, tagwayen zaren da aka gama su fita ta gaba. An fara ganin wannan siffa a inzayim ɗin bairos ɗin shan-inna a 1997, sunansa 3Dpol, yana da amino asid 461.

A tsakiyar tafin ne ake ɗinkin. Akwai amino asid guda biyu nau'in asfatet, na 233 da na 328 a 3Dpol, waɗanda ke riƙe ƙwayar maganiziyam biyu. Ta farko tana taimaka wa bakin 3' na sabon zaren ya saki haidirojin ɗinsa ya kai wa sabon harafi cafka. Ta biyu tana riƙe wutsiyar fosfet uku da harafin ya shigo da ita. Da zarar an ƙulla, fosfet biyu su balle su fita, inzayim ya matsa gaba da taku ɗaya. Wurin ɗinkin ba ya rufewa da kyau sai harafin da ya shigo ya dace da na uwa, kuma sai yana da OH a matsayi na 2' na sukarinsa. Ta haka inzayim ke bambanta kayan RNA da na DNA. Asfatet na 328 yana cikin jerin amino asid uku, GDD (gilaisin da asfatet biyu), da ake gane dangin inzayim ɗin da shi. A mura da Lassa da korona jerin SDD ne, a kyanda da ciwon mahaukacin kare GDN.

Ɗinki da kansa iri ɗaya ne a ko'ina. Inda bairos suka sha bamban shi ne farawa. Na ciwon hanta nau'in C da na zazzaɓin dengi suna farawa daga babu: su haɗa haruffa biyu na farko a bakin uwa, shi ya sa suke son GTP ko ATP, wato harafin G ko A da ba a ɗinka ba tukuna, mai yawa a lokacin farawa. Na shan-inna yana ɗaukar wani ɗan furotin mai amino asid 22, VPg, ya maƙala masa U biyu a kan tairosin na uku, ya mai da shi mafarin zare. Na mura ɓarawo ne: sashensa PB2 ya kama hula, wato alamar da ke bakin 5' na saƙon RNA na ƙwayar halittar da ya shiga, PA ya yanke bayan haruffa 10 zuwa 13, PB1 ya ci gaba da ɗinki daga nan. Na Lassa ma yana satar hula, amma guntun da yake yankowa ya fi gajarta.

Sai batun alkiblar zaren. Bairos masu zare mai kyakkyawar alkibla, irin shan-inna da korona, RNA ɗinsu saƙo ne da ƙwayar halitta za ta karanta nan take, ta ƙera musu folimares da kanta. Masu kishiyar alkibla, irin kyanda, PPR da mura, ba a iya karanta nasu haka, don haka suna ɗauke da folimares a cikin ƙwayarsu tun daga waje. David Baltimore da abokan aikinsa suka nuna wannan a 1970. Uwar zarensu ba tsirara take ba, a lulluɓe take da furotin N. A dangin kyanda kowane N na rufe haruffa shida, kuma kwafa ba ta tafiya daidai sai jimillar haruffan ta rabu da shida ba saura: kyanda 15,894, PPR 15,948. A raba a gani.

Tun a 1965 Sol Spiegelman da Ichiro Haruna suka nuna cewa inzayim ɗin Qβ, wani bairos mai kama bakteriya, yana kwafar RNA a cikin kwalbar gwaji ba tare da ƙwayar halitta ba. Wannan Harunan dai ɗan Japan ne, ba na Gwadabawa ba. Gwajin da za mu bayyana jikan nasu ne.

Kayan da ake buƙata

Inzayim tukuna. Ana samar da 3Dpol daga bakteriyar E. coli da aka sa wa guntun DNA mai ɗauke da bayanin wannan furotin shi kaɗai. Furotin ɗaya ba bairos ba ne, ba ya harbin kowa, amma duk da haka a sanar da kwamitin kula da tsaron halittu na makaranta kafin a shigo da komai mai alaƙa da shan-inna, kuma kada wani ya yi tunanin ɗauko shi daga samfurin majiyyaci. Akwai tarko guda da ke cinye wa mutane watanni: amino asid na farko na 3Dpol dole ya zama gilaisin, domin kansa na cusawa ne cikin wani rami a gindin yatsu ya daidaita wurin ɗinki. In aka bar metayonin ko wata alamar tsarkakewa a gabansa, za a sami furotin mai kyan gani a jel amma kusan matacce. Shi ya sa ake haɗa shi da wani ɗan furotin, SUMO ko yubikwitin, a yanke daga baya, alamar histidin kuma a sa ta a wutsiya. A adana shi a ƙarfin maikromola 20 ko sama, cikin gilisarol kashi 20 cikin ɗari, a raba shi ƙanana ƙanana, maikrolita 10 a kowace 'yar kwalba, a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Wadda aka narkar ba a mayar da ita.

Sai zaren. Wanda ya fi sauƙi shi ne wanda Arnold da Cameron suka fito da shi a shekarar 2000: 5'-GCAUGGGCCC-3'. Hikimarsa ita ce haruffa shida na ƙarshe, GGGCCC, suna kama takwarorinsu a jikin wani zaren irinsa. Biyu suka haɗu, tsakiya ta zama tagwaye, kowane gefe kuma haruffa huɗu na lilo. Kowane zare uwa ne ga ɗan'uwansa, kuma mafari ne a lokaci guda. In aka karanta lilon daga 3' za a ga U, A, C, G, ke nan inzayim zai ɗora A, sai U, sai G, sai C. Zare mai 10 zai zama 11, 12, 13, ya tsaya a 14. Ana sayen sa a bushe daga kamfanonin haɗa zaren gwaji, kuma a bushen yana jure tafiya fiye da yadda ake tsoro. In akwai na'urar ganin haske, a saya da alama mai haske, FAM, a bakin 5'. In babu, rinin SYBR Gold ya isa.

Ragowar su ne ATP, UTP, GTP da CTP kowanne a kwalbarsa daban, kada a sayi gaurayayye domin duk daɗin gwajin na cikin ba su ɗaya bayan ɗaya; HEPES, maganiziyam kulorayid, manganis kulorayid, zink kulorayid, makaftoyitanol, EDTA, fomamayid, yuriya, akirilamayid, da maganin hana RNase, inzayim ɗin da ke datse RNA.

RNase shi ne babban abokin gaba. Yana kan fata, cikin gumi da yawu, cikin ƙura, kuma tukunyar otokilef ba ta gamawa da shi, yana farfaɗowa bayan ya huce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu ke shiga ta ko'ina, teburin da aka goge da safe kan yi fari kafin azahar. A rufe tagogi, a kashe fanka lokacin da kwalabe ke buɗe, a yi amfani da bakin fifet mai tacewa daga sabon akwati, a canza safar hannu duk lokacin da aka taɓa waya ko ƙofa. Ruwa a saya wanda ba RNase in da hali. In za a haɗa, a zuba DEPC, sinadarin da ke kashe RNase, mililita 1 a lita guda, a bar shi ya kwana, a dafa a otokilef don ragowar DEPC ta lalace. Kada a zuba DEPC cikin Tris ko HEPES, suna cinye shi. A narkar da garinsu ne cikin ruwan da aka riga aka gyara. Kayan gilashi a gasa su a digiri 180 na awa huɗu ko fiye.

Haɗa gwajin

A fara da aurar da zaren. A narkar da shi ya zama maikromola 10 cikin Tris milimola 10 mai pH 8 da EDTA kaɗan, milimola 0.1. A sa a injin PCR, digiri 90 na minti ɗaya, sannan a sauke a hankali, kimanin digiri 5 kowane minti, har zuwa 10. In aka tsoma shi cikin ƙanƙara kai tsaye, da yawa ba za su sami abokan zama daidai ba. Kada a sa maganiziyam a wannan mataki: zafi da maganiziyam tare suna datse RNA.

A haɗa bafa, wato ruwan da ke riƙe pH daram, mai ninki goma: HEPES milimola 500 a pH 7.5, maganiziyam kulorayid milimola 50, zink kulorayid maikromola 600. Ga kwalba ɗaya mai maikrolita 20, a kan ƙanƙara, a zuba ruwa 9.5, bafa 2, makaftoyitanol mai ƙarfin milimola 100 shi ma 2, maganin hana RNase rabin maikrolita, zaren 2, haruffa 2 daga ruwan da kowanne ke da milimola 5, sannan inzayim 2 a ƙarshe. Abin da ke ciki ya zama HEPES 50, maganiziyam 5, kowane harafi rabin milimola, zare maikromola 1, inzayim maikromola 2. An sa inzayim ya fi zare yawa da gangan, saboda ba duk furotin ɗin ke da rai ba, kuma kama zaren ne matakin da ya fi jinkiri; ɗinkin kansa gommai na haruffa ne a daƙiƙa.

Dalilin sa inzayim a ƙarshe shi ne 3Dpol ba ya jure ɗumi in yana zaune shi kaɗai ba zare ba harafi. A kuma lura da gishirin da ke zuwa tare da shi daga ruwan ajiya. In sodiyam kulorayid ya yi yawa a kwalbar gwaji, kama zaren na raguwa sosai, don haka kada inzayim ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jimillar ruwan.

Zafin gwajin digiri 30 ne. A takarda wannan ba komai ba ne, amma a Sakkwato cikin Afrilu da Mayu, ɗakin da na'urar sanyaya shi ta tsaya yana haura haka nesa, kuma bahon ruwan ɗumi ya iya ɗumamawa ne kawai, bai iya sanyayawa ba. Za a saita shi a 30, ma'auni ya nuna 36. A yi amfani da injin PCR, shi yana iya sauke zafi, a kashe ɗumin murfinsa, a jona shi da batir ko inbata saboda ɗaukewar wuta.

A ɗebi maikrolita 4 bayan minti 1, 5, 15 da 30, kowanne a zuba cikin maikrolita 8 na ruwan tsayarwa: fomamayid kashi 95, EDTA milimola 20, da ɗigon shuɗin buromofinol. EDTA na kwashe maganiziyam, aiki ya tsaya nan take.

Kwalba ɗaya ba gwaji ba ce. Jerin da ke bayar da amsa shi ne wannan: ɗaya ba inzayim, ɗaya ba harafi ko guda, ɗaya ATP kaɗai, ɗaya ATP da UTP, ɗaya ATP, UTP da GTP, ɗaya duka huɗun, ɗaya duka huɗun amma an sa EDTA milimola 10 tun farko, ɗaya UTP kaɗai, sai ta ƙarshe UTP kaɗai amma an musanya maganiziyam da manganis milimola 5. In akwai inzayim ɗin da aka canza masa asfatet na 328 zuwa alanin, aka kuma tsarkake shi ta hanya ɗaya da na gasken, a ƙara shi. Shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ga dalili: bakteriyar BL21(DE3) da aka saba amfani da ita na ɗauke da folimares ɗin wani bairos mai kama bakteriya, T7, wanda shi ma yakan ƙara haruffa a kan RNA. Rifamfisin na tsayar da folimares ɗin E. coli amma ba ya taɓa na T7. In gurguntaccen inzayim ya ba da tsawo, to abin da ake gani gurɓata ce, ba 3Dpol ba.

Jel

Agaros ba zai raba 10 da 11 ba. Ana buƙatar foliakirilamayid kashi 20 zuwa 23 mai yuriya mola 7 cikin bafar TBE, kuma dogon jel ya fi gajere. Akirilamayid kafin ya daskare guba ne ga jijiyoyi, yana shiga ta fata, don haka safar hannu dole, garin kuma a auna shi da takunkumi. Zafin gari na sa shi saurin daskarewa. Adadin sinadaran daskarar da shi, APS da TEMED, da aka rubuta don ɗaki mai digiri 20 zai iya kama shi tun yana cikin kofi. A sanyaya ruwan kaɗan, ba har yuriya ta fara fitowa ba, a rage TEMED, a zuba ba tare da tsayawa ba.

A kunna jel babu komai na minti 30 har gilashin ya yi ɗumi, kusan digiri 50. A wanke ramukan da sirinji daf da zuba samfur, domin yuriya na tsattsafowa ta taru a ciki ta hana samfur kwanciya. A dafa samfuran a digiri 95 na minti uku zuwa biyar, a zuba da zafinsu. Wannan matakin ba na wasa ba ne a wannan zare musamman: in ya cika 14, jerinsa GCAUGGGCCCAUGC ne, wanda ke kama kansa daga farko har ƙarshe, ya yi tagwaye ko ya lanƙwashe kamar ƙugiya. In bai warware sosai ba, layinsa zai fito a inda bai kamata ba ko ya yi jirwaye. Nan kam zafin Sakkwato taimako ne. A jel mai kashi 20 shuɗin buromofinol na tafiya daidai da zare mai haruffa takwas, saboda haka a tsayar kafin ya fice, zarenka na biye da shi a baya kaɗan. In rini za a yi, SYBR Gold kashi ɗaya cikin 10,000, minti 10 zuwa 15 cikin duhu. In an daɗe, gajerun zaruruwa na ficewa daga jel su shiga ruwa.

Abin da ya kamata a gani tsani ne. Ba inzayim, 10. Ba harafi, 10. ATP, 11. Da UTP, 12. Da GTP, 13. Duka, 14. Mai EDTA, 10. Wannan tsanin shi ne hujjar cewa uwa ce ke faɗa wa inzayim abin da zai ɗora, ba ƙari yake yi da ka ba.

Layuka biyu na ƙarshe

Kwalbar UTP kaɗai ita ce mai ban sha'awa. Harafin farko na uwa U ne, A yake nema, an kuma ba shi U. Da maganiziyam, a mintunan farko kusan komai zai zauna a 10. In an jira, ɗan siririn layi na iya bayyana a sama. Da manganis kuwa layin zai yi kauri da wuri, domin manganis na sassauta wurin ɗinki ya karɓi abin da bai dace ba. Wannan siririn layin shi ne kuskuren kwafa, a fili.

Folimares ɗin RNA ba shi da sashen gyara irin na DNA. Yakan yi kuskure kusan sau ɗaya a haruffa 10,000 zuwa 100,000. Zaren shan-inna kusan 7,500 ne, ke nan kwafi da yawa na fita da canji aƙalla guda. Korona ce ta fita daban: zarenta ya kai kusan 30,000, kuma tana da wani furotin, nsp14, da ke cire harafin da aka ɗora bisa kuskure, in ba haka ba zare mai wannan tsawo ba zai tsira ba.

Ga mutanen jihar nan wannan ba karatun allo ba ne kawai. An tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da shan-inna na daji ranar 25 ga Agusta 2020, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016. Babban abin da ya rage shi ne nau'i na biyu da ya samo asali daga raunanniyar ƙwayar rigakafin ɗigo. Raunin nata ya rataya ne a kan canje-canje kaɗan, babba cikinsu harafi na 481. Inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, ƙwayar na ta yawo daga ciki zuwa ciki na tsawon watanni, folimares na ta kuskure, har A ɗin wurin ya koma G, ƙarfinta ya fara dawowa. Inda kowa ya karɓa, ba ta samun wannan dogon lokacin. Sabon rigakafin nOPV2, wanda aka fara amfani da shi a Nijeriya a Maris 2021, an ƙarfafa wannan yanki nasa, an kuma yi wa 3Dpol ɗinsa canje-canje biyu don rage kuskure da rage musayar zare da wasu bairos.

Magunguna ma ta wannan ƙofa suke shiga. Sofosbuvir, da aka amince da shi a 2013 don ciwon hanta nau'in C, harafin bogi ne: inzayim ya ɗauka U ne, ya ɗinka, zare ya tsaya. Molnupiravir ba ya tsayar da zare, yana ƙara yawan kuskure ne har bairos ya kasa haifar mai rai. Ribavirin da ake ba masu Lassa shi ma kwaikwayon harafi ne. Mai son gwada irin wannan da zaren goma sai ya tuna cewa inzayim ba ya karɓar ƙwayar maganin yadda take a kanti, sai sigarta mai fosfet uku, wadda jiki ne ke ƙera ta. Kafin a kai ga haka, 3'-deoksi-ATP ya isa misali: zai ba da 11 ya tsaya cik ko da sauran haruffan na nan, saboda ba shi da bakin da za a ɗora na gaba.

In abu ya ƙi

In ba a ga layi ko ɗaya ba, har a kwalbar da ba inzayim, ko aka ga jirwaye ƙasa da 10, RNase ne. A gwada kowane ruwa shi kaɗai da zaren na minti 30 a gano mai laifin. In jirwayen na fitowa ne kawai inda aka sa inzayim, daga bakteriya ya biyo shi, sai a ƙara matakin tsarkakewa; maganin hana RNase da ake saya dangin RNase A yake kamawa, ba duk na bakteriya ba.

In komai ya tsaya a 10, a fara zargin inzayim: ko kansa ba gilaisin ba ne, ko firiza ta narke ta sake daskarewa cikin dare ba wanda ya sani. Dabara mai arha ita ce a daskarar da ruwa a ɗan kofi, a ɗora tsabar kuɗi a sama, a ajiye kusa da akwatin. Ranar da aka ga tsabar ta nutse, an san abin da ya faru. Bayan inzayim sai lissafin maganiziyam. Kowane harafi mai fosfet uku na riƙe maganiziyam guda, don haka huɗu a rabin milimola sun cinye 2 daga cikin 5. Wanda ya ninka haruffan sau uku don aiki ya yi sauri ya bar inzayim ba komai. EDTA ɗin da ke cikin ruwan narkar da zare ma na cin nasa rabo in ya yi yawa.

In ATP kaɗai ya ba da 12 ko 13, ko dai an gurɓata kwalbar ATP da bakin fifet ɗaya, ko lokacin ya yi tsawo har kuskure ya taru. A duba samfurin minti ɗaya. In an ga abin da ya wuce 14, inzayim ne ya ƙara harafi a baki ba tare da uwa ba, ko ya tsallaka kan wani zaren, kuma manganis na ƙara duka biyun. Ruwan manganis ɗin kansa a haɗa shi sabo, a ajiye shi daban da bafa. In ya fara yin ruwan ƙasa-ƙasa ya lalace.

Ɗakin da ba shi da kayan foliakirilamayid yana da wata hanya. Folimares ɗin phi6, bairos ɗin da ke kama bakteriyar tsirrai Pseudomonas syringae, ba ya buƙatar mafari. A ba shi dogon zare guda mai haruffa ɗari biyar zuwa dubu, wanda aka rubuta da T7 aka kuma narkar da DNA ɗinsa da DNase, inzayim mai datse DNA, zai fara daga bakin 3' ya mai da shi tagwaye. Ya fi son zaren da ya ƙare da C ko U, yana son ATP da GTP kusan milimola 1, sauran biyun 0.2, maganiziyam 5 da manganis 1, digiri 30 na awa guda. Agaros kashi 1 ya isa: tagwayen zare na fitowa a layi siriri mai kaifi, a wuri daban da na uwar. Don tabbatarwa, a raba samfurin biyu a sa musu RNase A, ɗaya cikin sodiyam kulorayid milimola 300, ɗaya ba gishiri. A mai gishirin uwa za ta ɓace tagwaye su tsaya, a marar gishirin duka za su tafi. Wannan matakin a yi shi a wani teburi daban, da wasu fifet daban waɗanda ba za su sake komawa wurin aikin RNA ba.